Amsa: Atisayen soja da namun dajin da ke neman ƙarewa

Malam Sani, ka tambaya ko filin da ake harba igwa, irin na bayan barikin Rukuba, zai iya zama mafakar dabbar da ke neman ƙarewa. Zai iya, har ma wani lokaci ya fi gandun da ba mai gadi. Inda soja ya killace, mafarauci da mai gawayi da mai haƙar kuza ba sa kusanta.

Dubi sansanin Fort Bragg da ke Arewacin Karolina a Amurka. Akwai wani tsuntsu maƙwaƙwafi a can da ba ya sassaƙa gidansa sai a ɗanyen itace mai rai, aikin kuwa yakan ɗauke shi shekaru. Dokar Amurka ta 1973 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta hana a cutar da shi, sai sojoji suka riƙa zagaye irin waɗannan itatuwa da farin fenti. Direban tankar yaƙi na hango fentin, ya kauce. An kuma taƙaita abin da ake yi cikin ƙafa 200 daga itacen. Abin mamaki, tsuntsun ya fi son dajin da wuta ke share ƙasansa, don haka da gangan suke cinna wa ciyawar wuta. A 2024 aka sassauta matsayinsa daga jerin masu dab da ƙarewa.

Mu nan Jos, masana tsuntsaye na dajin Amurum a Laminga, ba nisa. A ganina su ya kamata a fara gayyata su zagaya filin na Rukuba, su nuna inda ake sheƙa da watannin ƙyanƙyasa, sannan a tsara atisayen.