Filin Amsa Tambayoyinku: El Anatsui, Malamin Nsukka Mai Ɗinka Marafen Kwalabe

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga hoton wani abu mai ƙyalli kamar ƙaton labule a rataye cikin wani zaure a Landan, aka ce da marafen kwalabe aka yi shi, kuma wai mai aikin a Najeriya ya yi rayuwarsa. Wane ne shi, kuma ta yaya kayan da 'yan jari bola suke tsinta suka kai can? Daga Aminu, ɗalibi a Samarun Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Aikin da ka gani na El Anatsui ne, zauren kuma shi ne babban zauren gidan baje kolin fasahar zamani na Tate Modern, wanda a da tashar wutar lantarki ce, shi ya sa tsayinsa daga ƙasa zuwa rufi ya kai kimanin mita 35. An rataye aikin a can daga Oktoban 2023 zuwa Afrilun 2024 da sunan Behind the Red Moon, wato bayan jan wata, kuma kashi uku ne. Wanda mai shigowa yake fara cin karo da shi ja ne, ya kumbura kamar yadin da ake ɗaura wa jirgin ruwa idan iska ta cika shi, na ƙarshen kuma baƙi ne ƙirin, ya sauko daga rufi har ya taɓa ƙasa.

An haifi El Anatsui a 1944 a garin Anyako da ke yankin Volta a ƙasar Ghana, cikin ƙabilar Ewe, kuma mahaifinsa masunci ne kuma masaƙin yadin kente. Ya yi karatun sassaƙa a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya kammala a 1969, sannan ya koyar a wata kwalejin horar da malamai a Winneba. Tun a can aka fara ganin halinsa na ɗaukar abin da mutane suka saba da shi ya mayar da shi aikin fasaha, domin tiren katako da mata suke jera kayan sayarwa a kai a kasuwa shi ya riƙa samowa, yana gasa ƙarfe a wuta yana zana masa alamomin adinkra na mutanen Akan, sannan ya rataye shi a bango.

A 1975 ya koma Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, kuma a nan labarin ya biyo ta garinku. Shugaban sashen fasaha na jami'ar a lokacin shi ne Uche Okeke, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suka dage cewa dole mai zane na Najeriya ya haɗa abin da ya koya daga Turawa da abin da ya gada a gida. Okeke ya ɗauki wannan aƙida ya kai ta Nsukka, inda aka mayar da hankali ga zanen uli da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, kuma cikin wannan zango El Anatsui ya sauka. Ya koyar a can har zuwa 2011, shekara 36 ke nan, ya kai matsayin farfesa.

Shekarunsa na farko a Nsukka na yumɓu ne. Yakan gina tukunya, ya fasa ta, ya sake haɗa tsingaron yadda duk mai kallo zai ga tsagar, kuma a wasu daga cikin waɗannan ayyuka akwai kamannin kawunan yumɓun Nok da aka tono a kudancin Kaduna. An baje su a 1979 a Enugu da Nsukka da sunan Broken Pots, wato fasassun tukwane. Daga 1980 ya juya ga katako, ya bar kurfi da gizago ya ɗauki zarton inji, yana tsattsaga allunan itace yana babbaka su da wuta, sannan ya jera su kafaɗa da kafaɗa a bango. Ya danganta yadda zarton yake yaga itace babu tausayi da yadda Turawan mulkin mallaka suka yayyanka Afirka. A 1990 aka kai aikinsa babban baje kolin birnin Benis na Italiya, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, tare da wasu masu fasaha huɗu na Afirka, cikinsu har da Bruce Onobrakpeya, shi ma ɗan ƙungiyar Zariya. An yaba, amma sunan bai wuce da'irar masana ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne ya tsinci wani buhu cike da marafen kwalabe da aka yar a daji kusa da Nsukka, ya kai shi ɗakin aikinsa ya ajiye, aka ɗauki watanni bai san abin da zai yi da shi ba. Yadda aikin yake tafiya a yau ya cancanci a bayyana shi, domin hoto ba ya nuna wahalar. Marafen na alminiyom ne mai laushi, irin waɗanda ake murɗawa a buɗe. Ana yanke saman murfin ya fita kamar kwabo, a tsaga gefensa a miƙar da shi ya zama ɗan siririn falle, a bubbuge shi ya kwanta, a huda kusurwoyinsa, sannan a ɗaure kowane falle da maƙwabcinsa da siririyar wayar jan ƙarfe. Hatta ɗan zoben da yake saura a wuyan kwalba ba a yar da shi, ana murɗe shi a yi wani abu mai kama da raga. Samari da dama ne suke zama suna wannan ɗinki, kowa yana haɗa ɗan yankinsa mai launi ɗaya, shi kuma maigidan sai a shimfiɗa masa yankunan a ƙasa, yana zagayawa yana sa a ɗaga wannan a kai can, a juya wancan, har sai abin ya kwanta masa a rai kafin a haɗe su gaba ɗaya. Aiki ɗaya yakan ci dubban marafe.

Biyu na farko, Man's Cloth da Woman's Cloth, wato mayafin namiji da zanen mace, an nuna su a Landan a 2002, kuma gidan tarihi na Birtaniya ya saye su. A 2003 wani baje koli nasa mai suna Gawu ya tashi daga yankin Wales ya zagaya garuruwa, ya ƙare a Washington a 2008. Amma shekarar da ta sauya komai ita ce 2007, lokacin da ya koma Benis ya rataye Dusasa I da Dusasa II tsakanin ginshiƙan tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta birnin, ya kuma lulluɓe gaban wani tsohon gida, Palazzo Fortuny, da wani aikin. Yana da shekara 63 a lokacin, kuma ya riga ya shafe shekara 32 yana shiga aji a Nsukka. Wannan lissafi nake so ka riƙe, Malam Aminu, domin masu ba da labarinsa sukan fara daga buhun da ya tsinta kamar sa'a ce ta faɗo masa, alhali mutumin da ya yi shekaru yana fasa tukunya yana haɗawa, yana jera allunan katako gefe da gefe, ya riga ya san abin da zai yi da ƙananan gutsattsari tun kafin ya ga buhun.

Bayan nan abin ya zo da sauri. Ya rufe bangon wani gini a New York da tsohon kwano da madubai a 2012, ya lulluɓe gaban ginin Royal Academy a Landan a 2013, aka ba shi kambin Zakin Zinare na Benis a 2015 saboda aikin tsawon rayuwa, Japan kuma ta ba shi lambar Praemium Imperiale a 2017. Baje kolin da ya fi tattara tarihin aikinsa shi ne Triumphant Scale, wanda aka buɗe a birnin Munik na Jamus a watan Maris na 2019, daga baya ya wuce Doha da Bern. 'Yan Najeriya biyu ne suka shirya shi, Okwui Enwezor da Chika Okeke-Agulu, wanda ya yi karatu a Nsukka, kuma Enwezor ya rasu mako guda bayan buɗewar.

Tambaya: Malam, mu a nan muna cewa namu ne, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suna cewa nasu ne. Wa ya fi gaskiya, kuma ana iya ganin aikinsa a gida? Daga Hajiya Rabi, zangon Kumasi.

Amsa: Hajiya, barka da war haka. Ɗan Ghana ne, babu jayayya, kuma lokacin da Ghana ta buɗe rumfarta ta farko a baje kolin Benis a 2019 yana cikin waɗanda suka wakilce ta, sannan a 'yan shekarun nan ya buɗe wani ɗakin aiki a Tema. Sai dai marafen na kamfanonin Najeriya ne, hannuwan da suka ɗinka mafi yawansu na samarin Nsukka ne, ɗalibansa kuma sun cika makarantun fasaha na Najeriya, saboda haka ban ga laifin masu cewa nasu ne ba. Batun gani a gida shi ne inda nake da ƙorafi. An shirya masa baje koli a Cibiyar Fasahar Zamani ta Legas a 2014, shekarar da ya cika 70, an kuma rataye wani babban aikinsa a fadar El Badi ta Marrakesh a Maroko a 2016, amma fitattun ayyukan nasa suna Landan da Faris da New York da Washington, kuma tun da an sayar da wasu a gwanjo a kan fiye da dala miliyan ɗaya kowanne, da wuya gidajen tarihinmu su iya taya su.

Tambaya: Malam, na ji an ce marafen na kwalaben barasa ne. Shin wannan ba tallar giya ba ce a fakaice? Daga Malam Ibrahim, Maraɗi.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, abin da ka ji gaskiya ne, mafi yawan marafen daga kwalaben barasar da ake yi a Najeriya suka fito, kuma wanda ya matsa kusa zai iya karanta sunayen kamfanonin a jikinsu. Amma dalilin da shi da kansa ya sha bayarwa ya yi hannun riga da talla. Barasa tana cikin hajojin da fataken Turai suka riƙa saukewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musanya ta da mutane, mutanen kuma a tsallaka da su gonakin rake na yankin Karibiyan, inda guminsu yake fitar da sukari da kuma barasar da za a sake lodawa a jirgi a dawo da ita. Shi ya sa kashin farko na aikin Landan ya ɗauki siffar yadin jirgin ruwa, kuma ba a banza aka rataye shi a ginin da yake ɗauke da sunan Henry Tate ba, attajirin da ya tara dukiyarsa a cinikin sukari a ƙarni na 19. Ko mutum ya gamsu da wannan bayani ko bai gamsu ba, marafen barasa ba su ne kaɗai kayan aikinsa ba, domin ya yi aiki da marafen gwangwanin madara, irin gwangwanin da maƙeranmu suke mayarwa aci-bal-bal, da tsofaffin magogin rogo masu tsatsa, da farantan buga jarida da aka gama amfani da su.

Akwai wani abu kuma da yake ba ma'aikatan gidajen baje koli mamaki. Aikin yakan iso musu a naɗe cikin akwati kamar bargo, kuma El Anatsui ba ya haɗo shi da takardar da ta tsara yadda za a rataye shi, yana barin masu ratayewa su tattare inda suka ga dama, su saki inda suka ga dama. Saboda haka aikin da aka gani a Munik, idan ya isa Doha, marafensa ba su canza ba, amma lanƙwasarsa da inuwarsa da inda haske yake faɗa masa duk sun zama wasu daban.