Taƙaitawa, Tsakure da Dunƙulewa: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Daura ya tambaya: "Malam, taƙaitawa da tsakure abu ɗaya ne?"

A'a, ɗana. Taƙaita abu shi ne a sa masa iyaka, shi ya sa ake cewa an taƙaita zirga-zirga a gari. In ka taƙaita magana, tsawonta ka rage, amma ba ka zubar da ko ɗaya daga cikin ginshiƙanta ba. Tsakura kuwa ɗiban kaɗan ne daga abu mai yawa, kamar yaro ya tsakuri tuwo daga gefen malmala. Abin da ya ɗiba tuwo ne, amma ba zai nuna maka girman malmalar ba. A nan ɗalibai ke tuntuɓe: a ce su taƙaita babi, sai su kwafe layin farko na kowane sakin layi su jera. Wannan tsakura ce. Karanta babin duka, rufe littafin, ka tambayi kanka me marubucin ke son tabbatarwa, da wace hujja, sannan ka rubuta da kalmominka. Misalai da maimaici su ake zubarwa, hujja ba a taɓa ta. Na san sassan Hausa na jami'o'inmu sun saba kiran gajeren bayanin da ke farkon kundin digiri "tsakure". Ya riga ya zauna, ka bi tsarinsu, amma ni a ganina aikin taƙaitawa ake nema a wurin.

Akwai kuma "a dunƙule", wadda na fi so in ana son haɗa kan batutuwa da suka warwatsu. Dubi mai fura: gero ya daku, ya dahu, an kirɓa, sai ta dunƙula shi cikin tafin hannu ya zama curi guda. Ba ta rage komai ba, tarawa ta yi. Malaman zaure kuma sukan ce "hulasar magana", aro daga Larabci.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu rubutu a waya da ba su sa ƙugiya. "A taƙaice" da ƙ ake rubuta ta, "takaici" na ɓacin rai kuwa da k. Kalmomi biyu ne da ba su haɗa dangi ba. Haka mai jawabi da zai ce "a taƙaice dai" sannan ya buɗe sabon batu, ya saɓa alkawarin da ya ɗaukar wa masu sauraro.

Wata malama daga Ƙofar Marusa, Katsina, ta tambayi jam'in "taƙaitacce". Taƙaitattu ne, Malama. Mace kuma taƙaitacciya.

Wani ya tambayi ma'anar "naɗewa" da ake rubutawa a ƙarshen babi. Daga naɗe tabarma take: an gama zama, an tattara.