Tambaya da Amsa: Aikin Ofis Ya Gundure Ni

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akawu ne a wata makaranta a Tudun Wadan Zariya. Aikin ya fita daga raina, ƙarshen wata kawai nake jira. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Martin Seligman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda tun 1998 ya ja hankalin masana kan abin da ke sa mutum walwala, yana da dabara mai sauƙi. Kowane dare, tsawon mako guda, rubuta abubuwa uku da suka tafi daidai, da dalilin kowanne. Dalilin nan ake yawan tsallakewa, alhali shi ke nuna maka abin da za ka maimaita gobe. "Na kammala takardar albashi kafin azahar saboda na ajiye waya" ya fi "yau lafiya lau".

Sannan ka tuna masu amfana da lissafinka. Maigadin da kuɗinsa ya fito a kan kari, da hannunka a ciki.

Wannan dai ba ya maganin ƙarancin albashi. Idan kuma rashin barci da ƙuncin rai suka wuce mako biyu, a ga likita a asibitin koyarwa na Shika.