Karen gadi a gidan da ke da ƙananan yara

Ɗan'uwa, ka ce ɓarayin awaki sun dame ku a ƙauyenku wajen Ringim, kana son sayen karen Turawa irin Rottweiler ko Pit bull, ga kuma yara a tsakar gida.

Ni dai ba zan ba ka shawarar waɗannan ba. Ingila ma tun 1991 ta taƙaita kiwon Pit bull da doka. Karen gida irin namu ya ishe ka, haushinsa kawai kan kori ɓarawo. Ka ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo ya saba da yaran, ka yi masa wurin kwana kusa da garke.

Kuskuren da na fi gani, a ɗaure kare yini guda cikin rana, a hana shi abinci wai ya yi zafi. Irinsa ne ke kama yaro. Na taɓa ganin yarinya ta miƙa hannu cikin kwanon tuwon kare, ya cafke mata yatsu, har yau abin na raina. Kada a bar yaro shi kaɗai da kare, balle karya mai shayarwa.

Yana wata 3 ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, a maimaita duk shekara. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya maganin gida. Ciwon in ya bayyana, kisa yake yi.