Ya jira ABU ko ya shiga poly?

Tambaya: Malam, ni bazawara ce a Tudun Jukun, ƙosai nake soyawa. Yarona ya zana JAMB sau biyu bai samu ABU ba, yanzu yana zaman shagon POS ɗin wani. Ƙanin babansa da ke Amurka ya ce can irinsu kwalejin unguwa suke shiga. Ya sake zanawa ne ko in lallaɓa shi ya tafi poly? Shi dai ya kafe sai jami'a.

Amsa: Hajiya, Allah ya dafa miki. Kawun nasa gaskiya ya faɗa, a Amurka akwai kwalejojin shekara biyu da aka yi su domin talaka, kuɗinsu bai kai na jami'a ba, kusan duk wanda ya gama sakandare suna ɗauka, har da darasin yamma saboda masu aiki, in mutum ya gama ya nemi aiki ko ya wuce jami'a ya ƙarasa shekara biyun da suka rage. Tun 1901 aka buɗe ta Joliet a jihar Illinois, kin ga ba yau aka fara ba.

Mu ba mu da irinsu sak, amma poly ta ɗan kama hanya. Ga poly ɗin Nuhu Bamalli nan a garin Zariya, ND, wato ƙaramar difloma, shekara biyu ne, makin da ake nema bai kai na ABU ba, kuma daga gida zai riƙa zuwa, ba haya ba kuɗin hostel, tuwon dare a tukunyarki, da yamma ya koma POS ɗinsa ya haɗa na Keke da handawut. In ya fito da sakamako mai kyau sai ya sayi fom ɗin DE, wato na shiga jami'a kai tsaye da difloma, ya nemi aji biyu a ABU ɗin da yake mutuwar so. Sai dai ya dage fa, sakamakon jeka-na-yi-ka ba ya kai mutum Samaru, inda ABU take. Akwai kuma IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ABU kanta ke kula da shi, wajen shekara guda, amma wadda na fi so masa poly ce, don ko DE ba ta yiwu ba yana da takarda a hannu. Zaman jiran nan shi ke kashe yaran unguwanninmu wallahi, shekara uku a majalisa karatu ya gudu. Ya bincika bashin NELFUND ma, wato bashin karatu na gwamnatin tarayya, ba kuɗin ruwa a cikinsa.

Tambaya: An buɗe wata makarantar kiwon lafiya mai zaman kanta kusa da mu a Sabon Gari, babu JAMB, in biya wa ƙanwata?

Amsa: Ɗan'uwa kar ka ba da ko sisi tukuna. Farin yunifom da allon bakin titi ba shaida ba ne. Ka ce su nuna maka amincewar NBTE, hukumar da ke tantance kwasa-kwasan poly da makarantu irin wannan, ta ainihin kwas ɗin da za ta yi, da ta hukumar da ke ba da lasisin aikin, sannan ka duba da kanka a intanet. In suka fara "ana kan hanya", ka ja ƙanwarka ku fita.