Obin ɗina ya ƙi yin zafi

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ina sana'ar gasa kek a Tudun Wada, Zariya. Tun shigowar hunturu obin ɗina na gas ya canja hali, kek ɗin da ke gasuwa cikin minti 40 yanzu sai ya haura awa, cikinsa kuma ɗanye. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara duƙawa ki leƙa wutar. In shuɗiya ce, lafiya lau. In kuwa tana ja ko rawaya tana hayaƙi, ƙura da maiƙo sun toshe ƙofofin da gas ke fitowa. Kin san ƙurar hunturun Zazzau, ba inda ba ta shiga. Rufe tukunyar gas, bari obin ya huce, ki goge ramukan da tsohon buroshin haƙori.

In wutar ƙarama ce ko'ina, har a kan murhun sama, girgiza tukunyar, wataƙila gas ya kusa ƙarewa. Ko kuma regileta, wato abin da ke kan tukunyar mai daidaita fitowar gas, ta gaji. Nawa haka ya yi mini bara, na yi ta zargin obin, ashe regileta ce. Na sayo sabuwa a kasuwar Sabon Gari, shi ke nan.

Duba robar ƙofa ma, in ta saki zafi zurarewa yake. Ki kunna obin ɗin minti 15 kafin ki sa kwaɓin, ki kuma rage yawan buɗewa.

Amma in kin ji warin gas, kada ki ƙyasta ashana. Buɗe tagogi, shafa ruwan sabulu a bakin tiyo. In ya yi kumfa, rufe tukunyar ki kira mai gyara.