Amsa: Shin badujalar soja ado ce kawai?

Ka tambaya ko 'yan badujala ado ne kawai a ranar biki. A'a, aiki suke yi, kuma tsohon aiki ne. Badujalar rundunar Marine ta Amurka, wadda aka kafa da doka a 1798 zamanin Shugaba John Adams, har yau ita ce ke yin kiɗa a bikin rantsar da shugaban ƙasa da kuma tarbar manyan baƙi a fadarsa.

Na yi shekaru ina fareti, kuma da bugun babbar ganga muke sauke ƙafar hagu. Ranar da mai gangarmu ya ɗan yi jinkiri, nan take sahun baya ya rikice a gaban manyan baƙi.